Lasifika da ampili: abin da mai saye ya kamata ya sani a Magariya da Dungas

Da azumi ya gabato ko lokacin bukukuwa ya kama bayan girbi, cinikin kayan sauti yakan tashi a kudancin jahar Damagaram. Kwamitin masallaci na neman lasifikar da za ta kai kiran salla ƙarshen unguwa, matasa na haɗa kuɗi su sayi kayan da za su riƙa bayarwa haya a wuraren aure da suna, ma'aikata da ƴan kasuwa kuma na son sauti mai daɗi a falonsu. Daga Magariya, Bande, Ɗan Cawo da Waca zuwa Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, yawancin kayan suna zuwa ne daga kasuwar Dole ta Damagaram ko daga Sabon Gari ta Kano, wasu kuma ta Maigatari, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis. Kayan da suka tsallako iyaka ba su da sauƙin mayarwa, don haka kuskuren awa guda a shago kan cinye kuɗin da jama'a suka yi watanni suna tarawa.

Aikin kowane ɗaya

Ampili shi ne ke karɓar ƙaramin sautin da ya fito daga makirufo, salula ko rediyo ya ƙara masa ƙarfin lantarki. Lasifika, wadda masu shaguna ke kira baffle da Faransanci, ita ke mayar da wannan lantarki sauti. A cikinta akwai siririyar waya da aka nannaɗe kusa da maganaɗisu. Idan lantarki ya ratsa wayar sai ta motsa wani faifai, faifan ya tura iska. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa ake.

Lasifikar gida mai kyau takan ƙunshi babban faifai mai fitar da kaurin sauti, irin na ganga, da ƙarami mai fitar da siririn sauti. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga has 20 zuwa 20,000, kuma ita lasifikar gida ana ƙera ta don ta kusanci wannan faɗi. Ƙahon da ake ɗaurawa bisa hasumiya kuwa an yi shi ne don muryar mutum ta yi nisa. Kiɗa ba ya daɗi a cikinsa. Kamfanin Ahuja na Indiya da TOA na Japan sun yi suna a wannan fanni, yayin da JBL, Yamaha, Sony da Pioneer suka fi shahara a kayan gida da na taro.

Lambobi uku da ake dubawa

Na farko wat. A jikin kwali akan rubuta 2000 W ko 5000 W da manyan baƙaƙe, a gefe kuma a ga PMPO. Wannan lamba ta talla ce, ba ta da ma'auni ɗaya da kamfanoni suka amince da shi. Abin nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya ɗauka ko bayarwa ba tsayawa. Hanya mai sauƙi ta gano ƙarya ita ce duba bayan ampili inda aka rubuta wutar da yake ja: wanda ke jan wat 60 daga soket ba zai yi ta ba da wat 1000 ba.

Na biyu om, mai alamar Ω, wanda ke nuna yadda lasifika ke tare lantarki. Yawanci 4 ne, 8 ko 16. A bayan kowane ampili an rubuta mafi ƙarancin om da yake iya ɗauka. Idan aka ɗaura lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, jimlar takan sauka zuwa 4. Idan huɗu ne ta koma 2. Ampilin da aka yi wa iyaka a om 4 zai yi zafi, ya yanke ko ya ƙone. Nan ne masu ba da haya suka fi yin asara, domin mai biki yakan matsa a ƙara lasifika.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, wanda ake aunawa da desibel. Lasifikar gida takan ba da 85 zuwa 90, ƙaho kuma ya haura 100. Ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wat sau biyu, ƙarin 10, wanda kunne ke ji kamar sauti ya ninka, yana bukatar sau goma. Ke nan lasifika mai 91 da ampili mai wat 50 daidai suke da mai 88 da ampili mai wat 100. Ƙaho mai 105 kuwa da wat 2 kacal zai yi ƙarar da mai 88 sai da wat 100 za ta yi.

Haɗa ampili da lasifika

Mutane da yawa na zaton ƙaramin ampili ba ya cutar da babbar lasifika. Ba haka abin yake ba. Idan aka murɗa ƙaramin ampili har ƙarshe, sautin yakan fashe ya yi kaushi, wannan fasasshen sauti kuma shi ke ƙona wayar ƙaramin faifai. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce ampili ya kai ƙarfin RMS na lasifika ko ya ɗan zarce shi, sa'an nan a daina ƙarawa da zarar jar fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa.

Masallaci, makaranta ko tashar mota da ke bukatar lasifika da yawa da doguwar waya sun fi dacewa da tsarin volt 100. A nan kowace lasifika na da ƙaramar taransifoma, kuma lissafin tarawa ne kawai: goma masu wat 10 sun zama 100, sai a nemi ampili mai wat 120 ko fiye. Ba a ɗaura lasifikar gida kai tsaye bisa wannan layi.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Mai saye ya tafi da sautin da kunnensa ya saba da shi, a salula ko katin ajiya: karatun malamin da ya san muryarsa, labaran rediyo, da kiɗan gargajiya. Kalangun Mamman Shata na nuna ko kaurin sauti yana fita daki-daki ko yana cakuɗewa, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuma na tona asirin lasifikar da ke tsawa a kunne. A fara da ƙaramin sauti, domin mai kyau ba ta rasa kalmomi ko an rage ta. A gwada nau'i biyu da ƙara iri ɗaya, saboda kunne yakan ɗauki wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau, masu shago kuma sun san haka. A saurari kowace lasifika ita kaɗai, a bar kayan su yi aƙalla minti 20 suna aiki, a taɓa ampili a ji zafinsa.

Idan kayan na hannu ne, a danna babban faifai a hankali da yatsu a ji ko yana gogar wani abu a ciki, a duba ko robar gefensa ta tsage, a shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. Jabu ya yi yawa a kasuwa, musamman mai ɗauke da sunan JBL. Rashin nauyi, rubutu mai kuskure da araha fiye da kima alamu ne. Tafiya da mai gyaran rediyo da aka yarda da shi, da karɓar takardar saye mai lambar na'ura, sun fi dogon ciniki amfani.

Ɗaki, wuta da yanayi

Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da sauti har kalmomi su haɗe. Darduma, labule da kujeru na rage wannan. Ginin ƙasa ya fi shanye sauti. A falo, lasifika biyu da wurin zama su yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya, kamar mita 2 zuwa 3, ƙaramin faifai daidai kunne, a kuma ɗan janye su daga bango. Idan aka juya ja da baƙi a lasifika ɗaya, kaurin sauti yakan ragu sosai. A fili kuwa, duk ninkin nisa yana cin desibel 6. Makirufo ya kasance bayan lasifika don kauce wa kuwwa.

Wutar NIGELEC ta wannan yanki ta dogara ƙwarai ga layin da ke zuwa daga Katsina zuwa Gazawa, kuma yankewar da Najeriya ta yi a watan Agustan 2023, wadda ta kai har farkon 2024, ta sa mutane da yawa komawa ga janareto da hasken rana. Wutar da ke hawa da sauka tana kashe ampili, saboda haka na'urar daidaita wuta tana cikin lissafin saye. Mai aiki da batir ya nemi ampili na rukunin D, wanda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja zuwa lasifika, alhali tsohon rukunin AB na zubar da kaso mai yawa a zafi. Batir mai volt 12 da amfiya 100, idan rabinsa kawai aka sha don ya daɗe, zai riƙe kayan da ke jan wat 100 kimanin awa 6. Zafin Afrilu da Mayu, mai wuce digiri 40, da ƙurar hunturu na toshe kafofin iska, don haka a bar wa ampili sarari, a riƙa kakkaɓe shi, a rufe shi bayan ya huce.

Kunne da maƙwabta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba illa, lokacin kuma yana raguwa da sauri idan ƙara ta haura. A 2022 ta sa desibel 100 a matsayin iyakar wuraren kiɗa da taro. Wanda sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, ko ya tashi daga biki kunnensa na ƙara, ya riga ya wuce kima. Yara da ke taruwa gaban lasifika a wurin biki su suka fi shiga haɗari, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ƙananan lasifika da dama da aka rarraba, kowace tana fuskantar masu sauraro, sun fi babba guda da aka murɗa har ƙarshe isar da magana, sun kuma fi barin marasa lafiya da tsofaffin unguwa su yi barci.