Ambaliya A Bisa Tebur: Tarihin Nuna Masifa Da Jiragen Ƙasa Na Kwaikwayo



Abin da zan yi magana a kansa yau, in aka ji shi da farko sai a ɗauka wasan yara ne. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar ƙera 'yan ƙananan jiragen ƙasa waɗanda ke tafiya da lantarki bisa siririn dogo. Ba jirgin kaɗai suke ƙerawa ba, har da tasha da gada da duwatsu da gidaje da mutane, a shimfiɗa su bisa tebur, jama'a su zo kallo. Awon da aka fi amfani da shi kuwa shi ne kashi 1 cikin 87, watau cikakken mutum ba ya wuce gaɓar yatsa guda. Wanda ya taɓa ganin yaranmu suna harhaɗa motar kara ya san tushen sha'awar, sai dai can manya ne ke yi, da kuɗi masu yawa. Gardama tana tasowa ne sa'ad da maƙeri ya ce shi ba lafiyayyen gari zai nuna ba, garin da ruwa ya ci zai nuna, ko wanda girgizar ƙasa ta rushe, ga taragai a kife cikin laka. Shin wannan ya dace, ko kuwa rashin kara ne ga waɗanda abin ya shafa? Tambayar ta fi shekara ɗari ana yin ta, saboda haka a cikin tarihi nake so mu nemi amsarta.

Bari mu fara da garin Johnstown, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Gari ne na masana'antar ƙarfe a cikin kwari, babban layin dogo na kamfanin Pennsylvania Railroad ya ratsa ta cikinsa. Kimanin mil 14 daga garin, can bisa tudu, akwai wata tsohuwar madatsar ruwa ta ƙasa da ake kira South Fork. Gwamnatin jiha ce ta gina ta domin ba hanyar jiragen ruwa ruwa, da hanyar ta daina aiki aka sayar da ita, ta yi ta canja hannu har ta faɗa hannun wani kulob na attajiran Pittsburgh, waɗanda suka mai da tafkin wurin hutu da kamun kifi. A cikin 'yan kulob ɗin akwai Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon. An rage tsawon madatsar domin keken doki ya sami hanya a bisanta, an kuma gitta raga a bakin magudanar rarar ruwa don kada kifi ya tsere. Bututun da a da ake rage ruwa da su an riga an cire, ba a mayar ba.

Ran 31 ga watan Mayu, 1889, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ta ɓalle. Ruwa kamar tan miliyan 20 ya gangaro kwarin. Wani direban jirgi mai suna John Hess, da ya ji rugugin, sai ya ɗaure igiyar usur ɗin jirginsa ya nufi garin East Conemaugh yana busa ba ƙaƙƙautawa, mutane da dama suka tsira saboda haka. Ruwan ya kwashi kawunan jirage kamar buhunan ƙaiƙayi. Da ya isa Johnstown, sai tarkacen gidaje da itatuwa da taragai suka taru a jikin gadar dutse ta reluwe, wuta ta kama, waɗanda suka tsere wa ruwa suka ƙone a ciki. An ƙidaya mutum 2,209 da suka mutu, har da gida 99 da ba wanda ya saura a cikinsu. Fiye da 700 ba a gane ko su wane ne ba, aka binne su haka nan. An kai ƙara, amma ba kotun da ta sa kulob ɗin ya biya diyya, aka bar abin a kan cewa ikon Allah ne.

Shekara 12 kacal bayan wannan, a babban baje kolin da aka yi a birnin Buffalo a 1901, sai ga ambaliyar Johnstown ta zama abin kallo na kuɗi. An ƙera ƙaramin gari a kan dandamali, ana sarrafa shi da fitilu da tsawar ƙarya, 'yan kallo na zaune har garin ya halaka, su fita, wasu su shigo a sake. Daga nan aka kai wasan Coney Island, filin nishaɗin birnin New York. Guguwar da ta afka wa birnin Galveston a watan Satumba na 1900, wadda ta kashe aƙalla mutum 6,000, ita ko wannan jinkirin ba ta samu ba, domin a 1904 an riga ana nuna ta a Coney Island da baje kolin St. Louis, alhali marayunta ba su ko balaga ba. A filin Dreamland kuma akwai wasan gobara da ake yi kullum, ana cinna wa gini wuta 'yan kwana-kwana suna kashewa. A 1911 wutar gaske ta cinye filin ƙurmus.

Kada mu yi gaggawar zagin mutanen wancan zamani. Ba su da talabijin, silima kuwa tana jaririya, ga shi kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutumin da ya karanta cewa ruwa ya ci gari, bai san girman abin ba sai ya ga siffarsa. Wannan ita ce hujjar masu ƙera irin waɗannan abubuwa har yau, kuma hujja ce mai ƙarfi. Suna ƙarawa da cewa dogo ba a aljanna yake ba, ruwa yana yanke shi, iska tana ka da gadarsa, saboda haka wanda ya nuna reluwe kullum cikin rana da furanni shi ne maƙaryaci.

Amma fa akwai abin da tebur ba ya iya ɗauka. Ruwa da tsawa da kifaffen tarago suna da sauƙin kwaikwayo. Shawarar da aka yanke ta rage tsawon madatsa, da ragar kifi, da bututun da aka cire, waɗannan ba sa motsi, ba sa walƙiya, ba mai biyan kuɗi ya kalle su. Ɗan kallo zai fita yana cewa ruwa ne ya yi ɓarna, watau daidai abin da lauyoyin kulob suke so a ce. Haka ma gadar kogin Tay a Sikotilan, wadda ta rufta da jirgin fasinja cikin iska mai ƙarfi ran 28 ga Disamba, 1879, ba wanda ya tsira. Wanda ya ƙera siffarta zai nuna iska da dare da jirgi yana faɗawa ruwa, alhali kwamitin bincike ya sami aibi a zanen gadar da gininta da kula da ita. A ganina nan ne babban laifin yake. Rashin kara ga mamata abu ne, amma wanke masu laifi da sunan masifar da ba ta da mai ita ya fi shi muni, kuma ku ma'aikatan gwamnati da ke nan kun fi kowa sanin yadda kalmar nan take rufe fayil.

Sa'an nan akwai maganar maimaitawa. Masifa sau ɗaya takan auku ga wanda ta auku gare shi. A bisa tebur kuwa ana danna maɓalli ta auku, a sake dannawa gari ya tashi. A birnin Hambug na Jamus akwai gidan Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. A can gobara takan tashi a kai a kai, 'yan motocin kashe wuta su fito da jiniya, yara suna murna. Ban ga aibi a nan ba, domin garin da ke cin wutar, Knuffingen, ƙirƙirarsa aka yi, ba a taɓa zaman makoki a cikinsa ba. A sashen Italiya, wanda aka buɗe a 2016, dutsen Vesuvius yana aman wuta. Shi wannan ya halaka mutane na gaske a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, amma yau ba mai karɓar ta'aziyyarsu. Ashe nisan lokaci yana da nasa hukuncin, ko da yake ba wanda zai iya cewa ga shekarar da kunya take ƙarewa.

Mutanen Johnstown da kansu ba su ƙi siffa ba. A gidan tarihin ambaliyar da ke garin akwai taswirar kwarin mai tudu da gangare, fitilu suna nuna yadda ruwan ya bi daga madatsa zuwa gari, kuma labarin kulob ɗin yana nan ba a ɓoye ba. Ginin ma tsohon laburare ne da Carnegie ya ba da kuɗin sake gina shi bayan ambaliyar. Kayan aikin kusan ɗaya ne da na Coney Island. Bambancin shi ne masu garin ne ke ba da labarinsu, sun kuma fara shi daga madatsa.

Japan ta bi wata hanya wadda ta fi burge ni. Bayan girgizar ƙasa da igiyar teku ta ran 11 ga Maris, 2011, inda fiye da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace, wani malamin zanen gine-gine na Jami'ar Kobe, Osamu Tsukihashi, ya jagoranci ɗalibai suka ƙera siffofin garuruwan da ruwa ya share, bisa awon kashi 1 cikin 500. Ba su ƙera igiyar ruwan ba, ba su ƙera baraguzai ba. Garin suka ƙera kamar yadda yake kafin ranar, fari fat, suka kai wa waɗanda suka tsira. Kowa ya zo ya nemi gidansa ya shafa wa rufin launinsa, ya kafa 'yar tuta ya rubuta abin da ya tuna: nan ake sayar da kifi, nan yara ke iyo. Kamfanin reluwe na Sanriku kuwa, wanda ruwan ya lalata masa dogo da tashoshi, tun 2012 ya fara ɗaukar 'yan makaranta a jirgin gaske, ma'aikatansa suna nuna musu inda ruwa ya kai.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma ta aiko wa Maiduguri da ruwa a watan Satumba na 2024. Ba mu da al'adar jiragen kwaikwayo, amma muna da gidajen tarihi da baje koli da ɗaliban zanen gine-gine, kuma ba mamaki wata rana wani ya ce zai ƙera Maiduguri cikin ruwa, har da tashar jirgin ƙasar da dogo ya iso a 1964. Ba zan hana shi ba. Zan dai tambaye shi ko ya je Gwange ya nemi yardar waɗanda suka binne 'yan'uwansu, da kuma aljihun da kuɗin ƙofa zai shiga. Zan kuma duba in ga ko teburinsa ya kai har madatsar, da allo a gefenta mai ɗauke da shekarar 1994, lokacin da ruwan Alau ya taɓa cin garin, da bayanin abin da aka yi wa madatsar a cikin shekara 30 da suka biyo baya.