Alu Maisango: Sarkin da Lokoja Ta Zame wa Kurkuku

Yau daga Ƙofar Rini nake magana da ku, a nan cikin birnin Shehu.

Kun sha jin yadda Ingila ta riƙa kwashe fursunoninta zuwa Ostareliya. Jirage 11 ne suka fara isa can a Janairun 1788. Hukuncin shi ne a raba mutum da ƙasarsa, nisa ya zame masa katanga. To, mu ma an yi mana irin wannan, sai dai sarakuna aka kwashe, wurin kuma Lokoja ne.

Ku ɗauki Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda ake kira Alu Maisango. Jikan Sakkwato ne, don mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakansa ya ci. Ya hau gadon sarauta a 1894, lokacin yaƙin Basasa. A farkon 1903 ya zo garin nan gaishe da sabon Sarkin Musulmi, Attahiru na ɗaya. Bai koma gida ba Turawa suka ci Kano, ranar 3 ga Fabrairu.

Labarin ya iske shi a hanyar komawa. Cikin dare ya sulale ya bar rundunarsa, ya yi arewa. A ƙasar Gobir aka kama shi, ya faɗa hannun Turawa. Suka naɗa ɗan'uwansa Abbas a Kano, shi kuma suka kai shi Yola, daga baya Lokoja.

Ku ɗan yi lissafi da ni. Mulkinsa shekara 9 ne. Zamansa a hannun Turawa kuwa shekara 23, har ya rasu a 1926. Mutumin da ake buga wa tambari, sai ga shi a bakin Kwara, inda Binuwai ke shigo mata, ba hawan sallah, ba izinin komawa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma can aka kai shi, can ya rasu a 1924.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne, mutuwa ma ba ta mayar da su gida ba. Kaburburansu na Lokoja har yau. Idan hanyar kudu ta bi da ku ta garin, ku tsaya ku yi musu addu'a.

Allah Ya jiƙansu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.