Kwaɗon get da tarihin ƙofar da aka kulle

Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya aka kawo wuta, sai warin roba ya tashe ni. Wani maƙwabcina ne ya saka hita a bokiti tun da yamma, aka ɗauke wuta, ya manta ya kwanta. Allah ya kiyaye, bokitin kaɗai ya narke. Amma da na fito tsakar gida na dubi get ɗinmu, gabana ya faɗi. Ɗakuna 14, ƙofar fita ɗaya, kwaɗo a jiki, makullin kuma yana aljihun mai kula da gidan, wanda a wata unguwa yake kwana. Kowace taga da ƙarfenta.

Ni ɗalibin tarihi ne, don haka ku yi haƙuri in ja ku baya kaɗan.

Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola wajen 1841, akasarin gidaje bukkoki ne na jinka, kewaye da zana. Gobara ta fi saurin ci a irin wannan gini, musamman da hunturu. Sai dai ɗakunan a ƙasa suke, a warware, kuma zana ba ta riƙe mutum. Ka banka ta ka fita. Da Jimeta ta bunƙasa a bakin Binuwai zamanin Turawa, kwano da siminti suka shigo. Daga baya aka kafa jami'ar tarayya a 1981, gidajen haya na ɗalibai suka yi ta tsirowa a Sangere da cikin Jimeta. Tsoron ɓarawo ya sa aka ƙara katanga, da ƙarafen taga, da kwaɗo. Yanzu gininmu bai cika kamawa da sauri ba, amma idan ya kama, fita ce aiki.

Wannan matsala ba mu muka fara ta ba. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York na Amurka, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. Masu kamfanin sun saba kulle ƙofa don kada ma'aikata su saci kaya. Kun ji dalilin? Shi ne dai na mai gidanmu. Kotu ta wanke su, kuma a 1913 aka sake kama ɗayansu ya kulle ƙofa, aka ci shi tarar dala 20. Duk da haka wannan gobarar ce ta sa jihar ta tsaurara dokokinta kan hanyoyin fita.

In kun ce wannan masana'anta ce, to ga ɗakin kwana. A 2001, a makarantar Kyanguli ta Kenya, ɗalibai 67 suka rasu cikin dare. Ƙofa ɗaya a kulle, tagogi da ƙarafa. A Nuwamban 2015 ɗalibai mata bakwai suka rasu a gobarar ɗakin kwana na makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano. A Fabrairun 2025 almajirai 17 a Ƙaura Namoda. Allah ya jiƙansu.

Ba wai babu ƙa'ida a Najeriya ba fa. Akwai dokar hukumar kashe gobara tun 1963, akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, wanda ya yi bayanin hanyoyin fita daga gini. Amma amincewa da zanen gini aikin hukumomin jiha ne, kuma gidan da aka fara da ɗaki huɗu, ana ƙara biyu duk shekara har tsakar gida ta koma lungu, wa ya ga zanensa? A ganina nan gizo ke saƙar.

Abin da ke kan mai gidan da ya tara mutane ba wani abu mai tsada ba ne: hanyar fita ta biyu, ƙofar da za a iya buɗewa daga ciki ba sai an nemi wani ba, taga ko guda ɗaya a ɗaki mai ƙarfen da ke buɗewa, wayoyin lantarki da za su ɗauki nauyin gidan, da tukunyar kashe gobara wadda wa'adinta bai wuce ba. Mu ma da namu laifin, gaskiya. Tukunyar gas a gefen katifa, fetur ɗin janareto a bayan ƙofa, babur a tare da lungu. Kuma in wutar lantarki ce ta kama, a kashe ta daga mita tukuna, kada a fara da watsa ruwa.

Da safe mu biyar muka kira mai gidan, muka ce Alhaji, a yanka mana makulli, kowane ɗaki ɗaya. Ya ce in aka yi sata wa zai biya? Mun daidaita a kan makulli uku, a ɗakuna uku da kowa ya sani. Maganar ƙofa ta biyu ya ce sai bayan an biya hayar baɗi.