Labarin Ambaliyar Ingila Ta 1947, Da Bazarar Da Ta Biyo Bayanta

Ku 'yan makaranta, Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karin maganan nan gaskiya ne a kan halin mutum, amma ga sha'anin iska da ruwan sama sai a yi hattara da shi. Ga labarin wata shekara a ƙasar Ingila da zai nuna muku dalili.

Da farko ku sani, shekarar Turawan Ingila ba kamar tamu take ba. Ba su da damina da rani, gama ruwa yana sauka musu a kowane wata. Abin da ya raba musu shekara shi ne sanyi da zafi. Hunturunsu yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin zafinsu kuwa, wanda za mu kira bazararsu, daga Yuni ne zuwa Agusta. In sanyi ya tsananta, sai ruwan sama ya sauko fari fat, mai taushi kamar audugar rimi. Shi ne dusar ƙanƙara. Ba ta gudu kamar ruwa, sai ta kwanta inda ta faɗi, ta yi ta taruwa har ranar da ɗumi ya zo ya narkar da ita.

A shekarar 1947 Ingila ba ta daɗe da fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Abinci da awo ake ba mutane, har burodi ma sai da takarda. Ana cikin wannan hali, a makon ƙarshe na Janairu, sai iska mai tsananin sanyi ta taso daga gabas. Kwana 55 a jere ba a yi ranar da dusar ƙanƙara ba ta sauka a wani yanki na ƙasar ba. A waɗansu wurare iska ta tara ta har tudunta ya wuce ƙafa 15, ta toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa. A Kew, kusa da Landan, an yi kwana 20 cikin Fabrairu ba a ga ƙwayar rana ba. Kwal ya daskare a bakin ramukan haƙarsa, aka rasa yadda za a kai shi gidajen wuta, sai gwamnatin Firayim Minista Clement Attlee ta riƙa yanke wa gidaje lantarki awa 5 kowace rana. Ma'aikatu suka rufe. Tumaki kuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan ƙasar suka hallaka.

Jama'a suna ta fatan ɗumi, ashe a cikin ɗumin nan wahala ta biyu take. Wajen ran 10 ga Maris iska mai ɗumi ta shigo daga kudu maso yamma, tare da ruwan sama mai yawa. Ƙanƙarar da ta yi mako bakwai tana taruwa ta narke cikin 'yan kwanaki. To, a nan ne asirin ambaliyar yake, ku lura da shi. Kun san yadda ruwan farko yake yi in ya faɗi a kan fako: ba ya nutsewa, sai ya kwarara. Haka ya faru a can, sai dai abin da ya taurara ƙasarsu sanyi ne. Ƙasa ta daskare kamar dutse, ta ƙi shan ko kaɗan, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka haɗu suka nufi koguna gaba ɗaya. Ruwan da ya sauka a Ingila da Wales cikin Maris ɗin nan ya kusa inci 7.

Kogin Temis ya cika ya batse, ya shiga garuruwan Windsor da Maidenhead. A gabashin Landan kogin Lea ya mamaye gidan tace ruwa, mutane wajen miliyan ɗaya suka rasa na sha, alhali ga ruwa ya kewaye su ko'ina. Ran 16 ga wata guguwa mai ƙarfi ta taso, ta riƙa tura igiyar ruwa tana dukan madatsai. Kogin Trent ya haura gaɓarsa a Nottingham, ya shiga gidaje wajen 9,000. A garin Selby, cikin kowane gida goma, bakwai ruwa ya shige su. Da aka ƙidaya duka, gidaje da wuraren sana'a fiye da 100,000 abin ya taɓa.

Inda ɓarna ta fi ban tausayi shi ne yankin da ake kira Fens, a gabashin ƙasar. Da can fadama ce mai faɗi. Tun cikin ƙarni na 17 wani gwani mutumin Holan, Cornelius Vermuyden, ya haƙa magudanai aka janye ruwanta, ta zama gonaki masu albarka ƙwarai. Amma da ƙasar ta bushe sai ta yi ta lotsawa, har ya zama koguna sun fi gonaki tudu, ganuwar ƙasa kaɗai ke riƙe da su. Da ganuwar kogin Great Ouse ta fashe kusa da ƙauyen Over, sai ruwa ya gangara cikin gonaki, suka koma tafki iyakar ganinka. Sojoji suka jera motocin yaƙi masu tafiya a ruwa da tudu a bakin ɓarakar, kana aka samu aka toshe ta. Daga Kanada aka aiko da ƙunshin abinci don taimako.

To, da a ce an tsai da wani manomin Fens a ƙarshen Maris an tambaye shi yadda bazara za ta kasance, me kuke tsammani zai ce? Lalle zai ce shekarar ruwa ce. Amma ina! Bazarar 1947 ta zo da zafi da rana, watan Agusta kuwa ya bushe ƙayau. Gonakin da ruwa ya hana a shuka da wuri, su ne kuma fari ya kama daga baya. Amfanin gona ya ragu, har kafin shekara ta ƙare aka sa dankali cikin abincin da ake bayarwa da awo. Hunturu bai gaya wa kowa abin da bazara ta ƙunsa ba.

Ingila tana da ofishin duban yanayi tun 1854, shugabansa na farko kuwa, Robert FitzRoy, shi ya fara buga hasashen yanayi a jarida a 1861. Hasashen kwana ɗaya ko biyu ya yi ta inganta, musamman da aka sami kwamfuta da tauraron ɗan'adam. Amma hasashen wata uku wani abu ne dabam. Masana ba su iya cewa ran kaza za a yi ruwa, iyakarsu su auna ɗumin teku da tafiyar iskar sama, su ce abu kaza ya fi yiwuwa. A Afrilu 2009 ofishin nan ya ce alamu sun fi karkata ga bazara mai daɗi, irin ta gasa nama a waje. Mutane suka ɗauki magana tamkar alkawari. Yuli ya zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka yi ta yi wa ofishin ba'a, har a 2010 ya bar sanar da irin wannan hasashe a yadda ya saba.

Abin da mutanen Ingila suka riƙe daga 1947 shi ne rigakafi ya fi magani. Ba su zauna jiran mai gaya musu shekarar da ruwa zai komo ba. A 1948 aka yi dokar da ta kafa hukumomin kula da koguna. Tsakanin 1954 da 1964 aka haƙa manyan magudanai a Fens don rage wa Great Ouse kaya, a 2002 kuma aka buɗe wani kogin haƙa mai suna Jubilee don ya kare Maidenhead da Windsor.

Saboda haka, in kun ji an yi hasashen wani lokaci mai zuwa, kada ku raina shi, gama da ilimi aka yi shi. Kada kuma ku ɗauke shi yankakken hukunci. Ku tambaya: cewa aka yi zai faru, ko kuwa ya fi yiwuwa? Mai hankali yakan gyara magudanar gidansa tun sama tana garau. Sanin gobe sai Allah.