Kusugu: Rijiyar da Ta Raini Gari

Duk ɗan Daura da ke zaune a Kano, Kaduna, Abuja ko Ikko, idan aka tambaye shi asalinsa, ba ya rufe baki sai ya ambaci Kusugu. Amma da yawanmu idan muka zo gida hutun Sallah, sai mu gai da iyaye, mu kalli hawa, mu juya ba tare da mun leƙa rijiyar ba, balle mu kai 'ya'yanmu su gan ta. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Rijiyar tana cikin tsohon gari, an yi mata gini ya rufe ta. Wanda ya baro hayaniyar kasuwa da tasha ya shiga lungunan unguwar zai tarar da wuri mai natsuwa, inda baƙo kan jefa guga da hannunsa ya ɗebi ruwa ya sha. Mutanen gari suna shaidar cewa ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara.

Tarihin da muka gada daga kakanni ya nuna cewa mata ne suka fara mulkin ƙasar nan, tun daga Kufuru har zuwa Magajiya Daurama, wadda ake danganta wa tasowa daga Tsohon Birni zuwa inda Daura take a yau. A zamaninta ne wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiyar, ba a samun ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Bayajida, wanda aka ce ya taso daga Bagadaza, ya ratsa Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa aka ce babu, sai ya karɓi guga ya nufi rijiyar, ya sare kan macijin. Daurama ta aure shi suka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo kuma suka yi sarauta a Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, Hausa Bakwai ta cika.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan labari. H. R. Palmer ya buga shi da Turanci a 1928, Farfesa Abdullahi Smith kuma a 1970 ya nuna shakkarsa cewa daga baƙo guda aka samo daulolin Hausa. M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum a kan sha'anin mulkin Daura a 1978. Ko wane ɓangare mutum ya bi, akwai darasin da ba ya ɓoyuwa: kakanninmu sun ɗora tushen sarauta a kan ruwa. Wanda ya buɗe wa talakawa rijiya, shi aka ga ya cancanci gari.

Mulki ya sha sauya hannu, rijiyar tana nan inda take. A 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura a lokacin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyar gidan ta ci gaba da sarauta a Zango da Ɓaure. A 1904 Turawa suka maido da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar kuma daga 1966 zuwa 2007. Dukkansu sun gaji Kusugu, sun bar mana ita.

Ba rijiya kaɗai ta riƙe garin ba. Kamar sauran biranen Hausa, ramukan da aka haƙi ƙasar ganuwa da ta gidaje sun zama kududdufai, suna tare ruwan damina, ana shayar da dabbobi, magina suna kwaɓa ƙasa. Da aka samu famfo da madatsun ruwa irin su Daberam da Sabke, sai muka daina ganin ƙimarsu. Kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kansa kuwa, ruwansa ba ya ɓacewa, cikin gidajen maƙwabta yake komawa.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya da ke birane, da izinin Masarauta da haɗin kan mutanen unguwa, mu ɗauki nauyin kewayen Kusugu. A dasa darbejiya da dabino, a sa kujerun zama a inuwa, a gyara magudanai, a kafa allo mai bayanin tarihi da boko da ajami, a kuma horar da samarin unguwa yadda za su yi wa baƙi jagora. Kuɗin da wannan zai ci bai kai abin da wasunmu ke kashewa a biki guda ba. Sallar Gani mai zuwa kuma, kowa ya riƙo hannun ɗansa ya kai shi ya jefa guga, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Daura lafiya, amin.