Guzurin Fataken Gwanja

Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, tarihi ya ce aka buɗe hanyar Gwanja, ƙasar da ta ke cikin Gana ta yanzu. Can a ke sayo goro. A ƙarni na 19 babbar kasuwar goro ita ce Salga, fatake kuwa su kan yi wata biyu ko uku kafin su kai. Da yawansu manoma ne na ƙauyukan Kano, irin su Agalawa da Tokarawa. Da damina suna gona, in an yi girbi su ɗaura wa jakai kaya, su bi madugu.

Sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Ayari guda ya kan kai mutum dubu. In ya sauka zango abinci sai ya yi tsada, ga kuma dazuzzukan Bargu, inda tsakanin gari da gari da nisa, mahara kuma suna fako. Wanda guzurinsa ya ƙare, tilas ya karyar da hajarsa don ya ci, ya komo gida ba riba.

Saboda haka tun da kaka matan gida su ke kama aiki. A arewacin Kano, wajen Bici da Dambatta, gero shi ne babban abinci. Su kan surfe shi, su wanke, su shanya, sa'an nan su daka shi da citta da kanumfari da barkono. Garin nan in ya bushe sarai, sai a ɗura a burgami. A hanya falke ba ya bukatar wuta: ya dama da ruwan tsamiya, ko da nono in an gamu da Filani, ya sha. Ƙanzon tuwo ma ba a zubarwa. A kan busar da shi, ran da aka matsu a jiƙa.

Kayan miya kuwa su ne kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da gabu, watau ganyen albasa da aka kirɓa aka shanya. Gabu har haja ne, ana kai shi Gwanja tare da kanwa da tufafin Kano. Mai hali ya kan sa mahauta su yi masa kilishi. Su kan yanka jan nama fale-fale, su shanya, su tsoma cikin labu na tunkuza da yaji, su sake shanyawa, kāna su gasa sama-sama. Talaka kuwa ya riƙe ƙuli-ƙuli da dakuwa.

Dabarar duka guda ce. Laima ita ke ruɓar da abinci, ita ce kuma nauyinsa. In rana da iskar hunturu suka tsotse ta, abin ya yi sauƙin ɗauka, ya kuma daɗe. Amma sai an kiyaye shi daga ruwa, musamman wajen ƙetare Kwara. Garin da ya jiƙe, kwana kaɗan ya yi hunhuna.

A 1892 yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salga. A 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, goro ya koma zuwa ta Ikko. Daga nan ayarin Gwanja ya yi ta raguwa har ya mutu. Amma guzurin bai mutu ba. Alhazan da su ke bin ƙasa ta Sudan zuwa Makka sun ci gaba da shi, haka nan almajirai da 'yan cin rani.

To, mai karatu, ranar da ta busar wa fataken dā guzuri tana nan, ba ta kuwa karɓar ko anini. Abin da ya yi yawa da kaka, a shanya shi a wuri mai tsabta, a adana. Ranar bazara a gode Allah.