Kuɗin Karatu a Amurka: Daga Sojojin Yaƙin Duniya Zuwa Fom ɗin FAFSA

 Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: wai da gaske gwamnatin Amurka tana biya wa ɗan talaka kuɗin jami'a? Tana biya, amma ba duka ba, kuma ba kowa ba. Don a gane yadda abin yake sai mun koma baya.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, jami'a a Amurka galibi ta masu hali ce. A watan Yunin 1944 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira GI Bill. Gwamnati na tsoron miliyoyin sojoji su dawo gida ba aikin yi, sai ta ce duk wanda ya yi yaƙi za a biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, da ɗan alawus na wata-wata. Sama da mutum miliyan biyu suka yi karatun gaba da sakandare ta wannan hanya. A 1947 kusan rabin waɗanda aka ɗauka a jami'o'i tsofaffin sojoji ne. Sai dai baƙaƙen fata, musamman a kudancin ƙasar, ba su mora kamar farare ba, don jami'o'in can ba sa ɗaukarsu, nasu makarantun kuma sun cika maƙil.

A wancan tsarin ba a tambayar nawa babanka yake samu. Ka yi soja? Shi ke nan, ka cancanta.

Sai 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik. Hankalin Amurka ya tashi, a 1958 aka yi dokar da ta fara ba ɗalibai rance mai sauƙin ruwa, ana neman injiniyoyi da malaman kimiyya. Tsoron Rasha ne ya buɗe wannan asusu.

Wanda ya kawo maganar talauci cikin lissafi sosai shi ne Lyndon Johnson, wanda a ƙuruciyarsa ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla na jihar Teksas. A Nuwamban 1965 ya koma kwalejin da ya yi karatu a San Marcos, can ya sa hannu a Dokar Ilimi Mai Zurfi. Amma kuɗin tallafin makarantu ake miƙa wa, su raba.

To, a 1972 aka yi muhawarar da ni a ganina ta fi kowacce muhimmanci. Ƙungiyoyin jami'o'i suka ce a ba su kuɗin kai tsaye. Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island, wanda shi kansa ɗan gidan masu kuɗi ne, ya dage a ɗaura kuɗin a jikin ɗalibi, duk makarantar da ya tafi kuɗin ya bi shi. Ra'ayinsa ya yi rinjaye, a 1980 aka sa wa tallafin sunansa. Tallafin Pell kyauta ne, ba a biya.

Yaya ake sanin wanda ya cancanta? Tun bayan dokar 1992 akwai fom guda na kyauta, FAFSA, da ɗalibi ke cikewa duk shekara. Ana duba abin da iyaye suka samu bisa takardun harajinsu na shekara biyu baya, da ajiyarsu, da yawan mutanen gidan. Daga nan a fitar da wata lamba da ke nuna ƙarfin gidan. Ita kuma makaranta ta lissafa abin da zama a cikinta zai ci a shekara: kuɗin karatu, ɗaki, abinci, littattafai, kuɗin mota. A cire lambarka daga wannan jimilla, abin da ya rage shi ne buƙatarka. Misali, makaranta na cin dala 30,000, lambarka 4,000, buƙatarka 26,000 ke nan. Ka je makarantar da ke cin 80,000, buƙatarka ta koma 76,000, alhali gidanku bai canza ba.

A nan ne da yawa ke shan mamaki. Ba dokar da ta tilasta wa makaranta ta cike maka wannan giɓin. Mafi girman tallafin Pell a shekarar karatu ta 2024 dala 7,395 ne. A tsakiyar shekarun 1970 yana ɗaukar sama da kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati, yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wasiƙar da makaranta za ta aiko maka kuma takan haɗa kyauta da rance da aikin cikin makaranta a jeri ɗaya, duk a kira su taimako. Yaro ɗan shekara sha takwas ya ga babbar lamba ya yi ta murna, bai lura rabinta bashi ba ne. Ni dai ban ga adalci a wannan ba. Bashin karatu da Amurkawa ke ɗauke da shi yau ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi.

Samu ma ba shi ne ƙarshe ba. Dole makinka ya tsaya inda makaranta ta gindaya, kuma Pell ba ya wuce zangon karatu goma sha biyu. Siyasa ma takan taɓa shi: a 1994 aka hana fursunoni, sai Yulin 2023 aka dawo musu da shi. Gyaran da ya fara aiki a 2024 ya rage tambayoyin fom ɗin, amma ya daina yi wa gida rangwame don yana da 'ya'ya biyu ko uku a jami'a lokaci guda. Ku yi tunanin irin gidajenmu a ƙarƙashin wannan ƙa'ida!

Yanzu ga mai saurarona a Kano ko Maraɗi: in da bizar ɗalibi za ka je, ba ka cikin Pell, ba ka cikin rancen gwamnatin tarayya. Na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin da wasu rukunoni kamar 'yan gudun hijira. Kai aljihun makarantar za ka dosa, sau da yawa ta wani fom daban, CSS Profile. Yawancin jami'o'i suna duba ko za ka iya biya kafin su ɗauke ka. Ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ke ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba, sannan su cike masa buƙatar da suka lissafa.

Wasu sun tambaya ko NELFUND namu na Najeriya, wanda ya fara aiki a 2024, daidai yake da Pell. A'a. Namu rance ne marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shi za mu ɗauka a shiri na gaba, tun daga hukumar rancen ɗalibai ta zamanin Gowon.